Bakin Busa na Tuba: Yadda Ƙirarsa Take Sarrafa Amo da Sauƙin Busa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin soja ko na 'yan sanda ya ga wani ƙaton abin busa na farin ƙarfe a sahun baya na 'yan badujala, wanda mai busa shi yake rungume da shi kamar tulu, ko kuwa ya rataya shi ya naɗe masa jiki. Ba shi ne yake ɗauke da waƙar ba, don haka ba a cika kula da shi ba, amma da zai yi shiru da nan take an ji kiɗan ya zama fayau, ba gindi. Sunan wannan abin busa tuba. Ya kamata tun daga nan a kawar da wani ruɗani, domin a rubutun boko sunan ya yi kama da kalmarmu ta tuba, watau nadama da barin saɓo. Ba abin da ya haɗa su sai haruffa. Wannan kalma daga Latin take, kuma a wurin Rumawan dā sunan wani miƙaƙƙen ƙahon yaƙi ne na tagulla, wanda a siffa ya fi kusa da kakakinmu a kan tubar yau.

Abin da wannan maƙala za ta duba ɗan ƙaramin yanki ne na tuba, wanda bai cika tafin hannu ba, watau ɗan ƙoƙon nan na ƙarfe da ake cusawa a farkon bututun, inda mabushi yake ɗora leɓɓansa. A nan za a kira shi bakin busa. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa kowane canji da maƙeri ya yi wa ƙirarsa, ko da na rabin milimita ne, yana ba mabushi wani abu ya kuma karɓe masa wani, kuma mai nazarin ilmin furuci yana da hanyar fahimtar dalilin haka fiye da kowa, saboda kusancin al'amarin da yadda ɗan Adam yake furta wasali.

2.0 Tuba da Danginta

Tuba ba tsohuwar aba ba ce. A ranar 12 ga Satumba, 1835, aka ba Wilhelm Wieprecht, shugaban makaɗan soja a Furushiya, da maƙerin kayan busa Johann Gottfried Moritz, takardar mallakar ƙirarta a birnin Balin. Ta farkon tana da bawul 5. Abin da ya ba da damar ƙera ta shi ne bawul ɗin kansa, wanda Stölzel da Blühmel suka yi wa rajista a 1818, domin shi ne yake ƙara wa bututu tsawo ko ya rage, ta yadda za a sami dukkan sautukan da ake bukata. A yau akwai iri huɗu da aka fi sani, ana kiran kowace da harafin sautin gindinta. Ta F tsawon bututunta, in an warware shi, kimanin mita 3.7 ne, ta E♭ mita 4, ta C mita 4.9, ta B♭ kuwa mita 5.5. Wadda ake ratayawa a jiki lokacin maci ita ce aka laƙaba wa sunan John Philip Sousa na Amurka, kuma bakin busarsu duk ɗaya ne.

A wajen rabe-raben kayan busa, ba a duba abin da aka ƙera su da shi, sai abin da yake kaɗawa ya haifar da sautin. A sarewa, iska ce take tsagewa a kaifin baki. A algaita, 'yar tsinken nan ce mai harshe biyu take karkarwa. A kakaki da farai da ƙaho da begila kuwa, leɓɓan mabushi ne da kansu suke karkarwa, kuma cikin wannan dangi tuba take. Ashe ke nan ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, tun da Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya shigo da su. Bambancin shi ne maƙeran Turai da Amurka sun raba bakin busa da jikin abin busa, suka mai da shi abin cirewa da sauyawa, suka yi ta auna shi suna gwadawa har ya zama fanni mai zaman kansa.

3.0 Abin da Yake Faruwa a Tsakanin Leɓe da Bututu

Mabushi yana haɗa leɓɓansa ya turo iska, leɓɓan su buɗe su rufe da sauri, kamar yadda tantanin maƙwallato yake yi wajen furta sauti mai ziza. Kowace buɗewa tana sakin ɗan kunshin iska cikin ƙoƙo. Wannan bugu yana bin bututu da saurin sauti, watau kimanin mita 343 a sakan, har ya kai faffaɗan ƙarshen tuba. A can kaɗan ne daga cikinsa yake fita ya zama abin da kunne yake ji. Mafi yawansa juyowa yake yi ya komo wurin leɓɓa, ya taimaka musu su buɗe su rufe a daidai lokacin da ya dace da tsawon bututun. Sautin gindi na tubar B♭ kaɗawa 29 ne kacal a sakan, kusa da iyakar abin da kunnen mutum yake iya ji a matsayin sauti.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata a yi a nan, don shi ne yake bayyana wahalar wannan abin busa. A tubar B♭, zuwa da komowa mita 11 ne, watau kusan kashi 1 cikin 30 na sakan. A tarampet, wadda bututunta bai wuce mita 1.4 ba, kashi ɗaya cikin huɗu na wannan lokaci ya isa. Kafin bugun farko ya komo, leɓɓan mai busa tuba su kaɗai suke aiki, ba mataimaki. In ba su fara a kan sautin da ya dace ba, sai bugun da ya komo ya yi karo da su, a ji sautin ya fashe ko ya yi gargada. Saboda haka duk abin da zai taimaki leɓɓa su fara daidai yana da daraja a wurin mai tuba fiye da sauran mabusa.

Masu ilmin furuci sun san bayanin da Gunnar Fant ya tsara a littafinsa na 1960, cewa sautin magana aikin abu biyu ne: tushe, watau karkarwar tantanin maƙwallato, da matata, watau kogon baki da maƙoshi. Mutum yana iya furta /a/ da /i/ da /u/ a kan kaifin murya ɗaya, amma kunne ya bambance su, domin siffar kogon baki tana ƙarfafa wasu sassan sautin ta danne wasu. Ko wane sauti na kiɗa ma haka yake, tarin kaɗawa ne, ta gindi da waɗanda suke ninkinta biyu, uku, huɗu, har sama. Yawan ƙarfin na sama shi yake sa a ce amo yana da kaifi ko haske, ƙarancinsu kuwa shi yake sa a ce yana da kauri ko duhu. Bakin busa yana yi wa tuba irin aikin da kogon baki yake yi wa murya. Sai dai kwatancin yana da iyaka, kuma dole a faɗe ta. A magana, kogon baki ba ya tilasta wa tantanin maƙwallato saurin da zai kaɗa, shi ya sa Bahaushe yake iya ɗora karin sama ko na ƙasa a kan kowane wasali. A tuba kuwa bututu yana da iko a kan leɓɓa ƙwarai, yana jan su zuwa wasu sautuka ƙididdigaggu. Don haka bakin busa bai tsaya ga canza amo ba, har da yadda wannan ja-in-ja take kasancewa.

4.0 Sassan Bakin Busa

Sassa biyar ne, daga waje zuwa ciki: zobe, inda leɓɓa suke zama, ƙoƙo, maƙogwaro, watau 'yar ƙofar da take gindin ƙoƙo, kwararo, wanda yake buɗewa sannu a hankali bayan maƙogwaro, da wutsiya, watau bayan kwararon, wadda ake cusawa cikin tuba.

4.1 Zobe

Faɗin cikin zobe shi yake ƙayyade yawan naman leɓen da zai kaɗa. Na tarampet milimita 16 zuwa 17 ne, na tuba kuwa daga wajen 29 zuwa 34. Vincent Bach, mabushin tarampet ɗan Ostiriya wanda ya fara ƙera bakunan busa a Niyok a 1918, ya tsara lambobin da har yau ake kwatance da su, inda ƙaramar lamba take nufin babban zobe. Lamba 7 na tuba milimita 33.25 ne, lamba 18 kuwa 32.10, lamba 25 kuma 30.60. Mai karatu zai ce ai tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma daga 32 zuwa 33 filin da leɓe yake kaɗawa a ciki ya ƙaru da kusan kashi 6 cikin 100, kuma leɓe yana cikin sassan jiki mafiya saurin ji. Babban zobe yana sauƙaƙa sautukan ƙasa ya ba da cikar amo, amma yana bukatar tsokar baki mai ƙarfi, in ba haka ba sautukan sama su gagara, mabushi ya gaji da wuri. Ƙaramin zobe yana tallafar leɓe a sama, ya matse shi a ƙasa.

Bayan faɗin ciki akwai kaurin zoben da siffar gefensa. Zobe mai kauri kamar gammo yake, yana raba nauyi a kan fata, shi ya sa mai busa na sa'o'i a fareti yake son sa. Aibinsa yana riƙe leɓe, ya hana shi saurin tsallakawa daga wani sauti zuwa wani. Siriri yana sakin leɓe, amma in mabushi mai dannawa ne sai ya yanke shi. Haka kuma gefen ciki, inda zobe ya gangara cikin ƙoƙo: in yana da ɗan kaifi, yana shata wa leɓe iyaka, sautin ya fara tsaf, in an dulmuɓe shi, sautuka suna zubowa cikin juna da laushi, amma farkonsu ya rasa tsabta. Wanda ya tuna lissafin da aka yi a sama zai gane abin da ya sa masu tuba da yawa suke jure wa kaifin.

4.2 Ƙoƙo da Maƙogwaro

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma ba a iya raba su biyun a bayani. Kowa ya san in aka busa bakin kwalba tana ba da sauti, in aka zuba ruwa a ciki sautin ya hau, in aka zubar ya sauka. Iskar da take wuyan kwalba tana kai da komowa, ta cikin kwalbar kuwa tana matsuwa tana sakewa. Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1863 a kan jin sauti, har irin wannan kogo ya ɗauki sunansa. Ƙoƙo da maƙogwaro tare irin wannan kwalba ce. Arthur Benade, a littafinsa na 1976 a kan kimiyyar sautin kiɗa, ya nuna hanya mai sauƙi ta jin sautinta: a cire bakin busa, a buga zobensa a tafin hannu, za a ji wani ɗan "fof" mai kaifi sananne. Wannan shi ne sautin bakin busar na kansa, kuma sassan amon tuba da suke kusa da shi su ne za su sami ƙarfi, kamar dai yadda kogon baki yake fifita wasu sassa a wasali.

Daga nan sauran bayani yana biyowa da kansa. In aka zurfafa ƙoƙo, sautin nan nasa ya sauka, sassan ƙasa su ƙarfafa, amo ya yi kauri da duhu. In aka rage zurfi, ya hau, amo ya yi haske, sautukan sama su zo da sauƙi. Har ila yau girman ƙoƙo yana taɓa daidaiton sautuka, domin bakin busa yana ƙara wa bututu tsawo a wurin sautukan sama fiye da na ƙasa. Ƙoƙon da ya yi wa tuba girma yakan sa na samanta su faɗo ƙasa da inda ya kamata, mabushi ya yi ta ɗago su da leɓe har ya galabaita. Wannan ne ya sa wanda zai busa waƙar tuba da Ralph Vaughan Williams ya tsara, wadda Philip Catelinet ya fara busawa a Landan a 1954, kuma take hawa sama ƙwarai, yakan ɗauki ƙaramar tuba da ƙoƙo marar zurfi sosai, alhali kuwa in zai zauna a gindin ƙungiya mai makaɗa tamanin sai ya koma ga babba.

Maƙogwaron tuba yakan kai milimita 8, ko sama da haka kaɗan ko ƙasa. In aka faɗaɗa shi daga 8 zuwa 8.5, ƙofar ta ƙaru da kusan kashi 13 cikin 100. Mabushi zai ji iska tana wucewa ba tangarɗa, zai iya ƙara ƙarfi ba tare da amo ya tsage ba, kuma bututu zai sassauta riƙon da yake yi wa leɓɓa, ya bar shi ya lanƙwasa sauti yadda yake so. Ga gwani wannan 'yanci ne. Ga ɗan koyo kuwa asara ce, domin shi riƙon nan yake bukata ya nuna masa inda sauti yake, ga shi kuma numfashinsa zai ƙare kafin jimlar kiɗa ta ƙare. Tuba dama abar cin iska ce, tana son ta da yawa amma ba da matsi ba. Arnold Jacobs, wanda ya busa tuba a babbar ƙungiyar makaɗan Shikago daga 1944 zuwa 1988, ya shahara da nazarin numfashi, kuma koyarwarsa ta tsaya a kan wannan, da kuma sa ɗalibi ya cire bakin busa ya rera waƙa da shi kaɗai, don leɓɓa su koyi fara sauti daidai ba tare da jiran bututu ba.

Ban da girma akwai siffa. Wani ƙoƙon kamar mazurari yake, bangonsa yana gangarawa kai tsaye cikin maƙogwaro. Wani kuwa kamar kwano, gindinsa a zagaye, da 'yar kafaɗa a bakin maƙogwaro. Na farkon ana danganta shi da August Helleberg, ɗan Danmak da ya yi aiki a Amurka, ciki har da ƙungiyar Sousa, kuma kamfanin Conn ya yaɗa ƙirar da sunansa. Na biyun akan kira shi da sunan Fred Geib. Mabusa sun haɗu a kan cewa mazurari yana ba da amo mai santsi da faɗi wanda yake narkewa cikin na sauran makaɗa, kwano kuwa yana ba da amo mai baki, wanda farkonsa yake fitowa sarai. Akwai kuma wata al'ada a tsakaninsu ta haɗa mazurari da tubar Amurka mai bawul na dannawa, kwano kuma da ta Jamus mai bawul na juyawa. A ganina wannan ta fi kusa da gado a kan ƙa'ida, domin akwai gwanaye da yawa da suka saɓa mata kuma ba wanda ya ji aibi a busarsu.

4.3 Kwararo da Wutsiya

Kwararo yana kammala aikin maƙogwaro ne: mai saurin buɗewa yana ƙara cika da cin iska, matsattse yana ƙara riƙo da haske. Wutsiya kuwa ba ta da wani asiri sai dacewa, amma a nan aka fi yin ɓarna. Kaurinta ba ɗaya ba ne a ko'ina. Akwai ta Amurka, akwai ta Turai wadda ta ɗan fi ta kauri, akwai kuma siririya ta tsofaffin tubobin Ingila. In siririya ta shiga babbar kafa sai ta nutse fiye da kima ta yi ta girgiɗi, in mai kauri ce a ƙaramar kafa sai ta tsaya a waje, bututu ya ƙara tsawo, dukkan sautuka su sauka. Na taɓa ganin wani yaro a ƙungiyar badujalar wata makaranta ya naɗe wutsiyar bakin busarsa da takarda don ta zauna, malaminsa kuwa yana ta faɗa wai ba ya da kunne. Tubar kyauta ce aka aiko daga wata ƙasa, bakin busar kuma daga wani akwati dabam aka tsinto shi. Yaron ba shi da laifin kome.

5.0 Ƙarfen da Aka Yi Shi da Shi

Galibi da farin ƙarfe ake ƙera bakin busa, a shafe shi da azurfa, wani lokaci da zinariya. Akwai na baƙin ƙarfe marar tsatsa, akwai na roba mai tauri, akwai kuma waɗanda aka ƙara wa kaurin jiki da nufin wai amo ya ƙara nauyi. Masu sayarwa suna yawan zuzuta wannan fanni, amma abin da iska take gani shi ne siffar ciki, kuma tasirin irin ƙarfen a kan abin da mai sauraro yake ji ƙanƙane ne in aka gwada da na ƙoƙo da maƙogwaro. Inda ƙarfe yake da magana shi ne a fata. Zinariya ta fi azurfa santsi, leɓe yana zamewa a kanta, wasu suna son haka wasu ba sa so. Roba ba ta ɗaukar sanyi ko zafi, shi ya sa masu maci a ƙasashen ƙanƙara suke amfani da ita, kuma dalilin bai rasa amfani ga wanda zai tsaya a filin fareti da tsakar rana a watan Afrilu, ko da asubar hunturu lokacin da leɓɓa suke tsattsagewa. Abin da ya wajaba a kiyaye shi ne shafen azurfar. In ya goge har farin ƙarfen ya bayyana a zobe, to a sake shafe shi ko a ajiye, domin tsiraicin ƙarfen yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a leɓe, ga shi kuma irin wanda ake ƙera bakin busa da shi yakan ƙunshi ɗan dalma.

6.0 Zaɓe

Tambayar da ɗalibai suke yi ita ce wanne ne ya fi. Amsar tana bukatar a san abu uku tukuna: bakin wa, tubar wace iri, kiɗan kuma wane iri. Kaurin leɓe da jerin haƙora da yawan numfashi sun bambanta daga mutum zuwa mutum, har ma faɗin fuska tsakanin hanci da haɓa yana iya hana yaro ɗaukar babban zobe, don gefensa zai tokare masa hanci. Lamba 24AW ta Bach, mai faɗin milimita 31.25 da zurfin ƙoƙo da zobe mai kauri, ta sami karɓuwa ƙwarai a Ingila, inda tubar E♭ take da rinjaye, alhali a Amurka, inda manyan ƙungiyoyi suka fi amfani da ta C, ƙirar Helleberg ce ta zama abin koyi. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu, amon da kowace ƙasa take nema ne ya bambanta.

Ga ɗan koyo, matsakaici ya fi, kamar lamba 18 ko abin da ya yi kusa da ita, kuma ya daɗe a kansa. Akwai wani tarko da ko gwanaye suke faɗawa. Sabon bakin busa yakan yi daɗi a kwanakin farko, domin yana hutar da tsokar da tsohon yake gajiyarwa, sai bayan mako biyu ko uku nasa aibin ya fito. Wanda zai gwada, to ya canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, ko faɗin zobe ko zurfin ƙoƙo, ya kuma sa wani mai kunne ya tsaya a ƙarshen zaure ya saurara, domin abin da mabushi yake ji ta ƙasusuwan kansa ba shi ne yake isa wurin jama'a ba.